Daga gidan likita Broca zuwa Maiduguri: yadda aka gano alaƙar sankarar ƙwan mace da ta nono



Da yawa daga cikinmu ba su manta ranar 27 ga Disamba, 2009 ba, ranar da labari ya iso cewa Hajiya Maryam Babangida ta rasu a wani asibiti a birnin Los Angeles na Amurka, tana da shekara 61. Allah ya jiƙanta. A lokacin ne mutane da dama suka fara jin sunan cutar da ta yi ajalinta, wato sankarar ƙwan mace. Wannan daban take da sankarar bakin mahaifa da aka fi yin wayar da kai a kanta. Ita tana kama jakunkunan nan biyu ne da ke gefen mahaifa, inda ƙwan haihuwa ke fitowa, kuma ba ta cika nuna alama ba sai ta yi nisa.

Akwai matan da Allah ke ba sauƙi daga gare ta, bayan an yi musu aiki an kuma ba su allurar kemo. Sai kuma likita ya ce su riƙa zuwa ana duba nononsu. Nan ne tambaya ke tasowa a gida: ciwo yana ciki, me ya kawo maganar nono? Kuma in za a duba, sau nawa? Amsar tana da tarihin da ya haura shekara 150, kuma sanin tarihin zai sa mu gane abin da ya rage namu.

Likitan da ya rubuta salsalar gidan surukansa

A shekarar 1866 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya wallafa littafi kan ƙari da sankara. A ciki ya kawo salsalar wani gida, wanda masana tarihi suka ce dangin matarsa ne. Ya bi su har zuriya huɗu, ya tarar cikin mata 24, goma sankarar nono ce ta kashe su. Broca ba shi da wata na'ura, kuma a zamaninsa ba a san ƙwayoyin gado ba. Tambaya kawai ya yi, ya rubuta wa ya haifi wa, da kuma abin da ya yi ajalin kowace. Ya ce abin ya wuce a ce katari ne.

An shafe kusan shekara ɗari maganar ba ta yi nisa ba. Sai a farkon shekarun 1970 wani likitan Amurka, Henry Lynch na jami'ar Creighton da ke jihar Nebraska, ya riƙa bin iyalai yana tattara tarihin cututtukansu. Shi ne ya lura cewa akwai gidajen da cututtuka biyu ke yawo tare: uwa ta yi ta nono, 'ya ta yi ta ƙwan mace, ko mace ɗaya ta yi duka biyun ɗaya bayan ɗaya. Likitoci da yawa ba su yarda da shi ba, domin a wancan lokacin an fi ɗora laifin sankara kan muhalli da ƙwayoyin cuta.

Shekara 16 ana neman abu ɗaya

Wadda ta kawo hujja ita ce Mary-Claire King ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ta fara aikin a 1974, sai a 1990 ta sanar da sakamako. Kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da ƙunshin gado 23 bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Da ta binciki iyalai 23, King ta nuna cewa matsalar tana cikin ƙunshi na 17. Shekara guda bayan haka, masu bincike a birnin Lyon na Faransa suka nuna cewa wurin nan dai shi ne ke da hannu a sankarar ƙwan mace ta gado. Maganar Lynch ta tabbata.

A 1994 ayarin Mark Skolnick a jihar Utah suka ware ƙwayar gadon kanta, wadda ake kira BRCA1. A 1995 ayarin Michael Stratton a Ingila suka gano ta biyu, BRCA2. Kowa yana da waɗannan ƙwayoyi, maza da mata. Aikinsu gyara ne: in wani abu ya lalace a cikin ƙwayar jiki, su ke ɗinke shi. Matsalar ita ce mutum ya gaji mai nakasa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa cikin mata 100 masu BRCA1 mai nakasa, kusan 72 za su kamu da sankarar nono kafin shekara 80, kusan 44 kuma da ta ƙwan mace. Ga masu BRCA2, kusan 69 ne da 17.

Duniya ta ƙara sanin sunan a 2013, lokacin da 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta bayyana cewa tana ɗauke da BRCA1 mai nakasa, kuma an cire mata nonuwa biyu don rigakafi. Mahaifiyarta ta rasu a 2007 tana da shekara 56 bayan fama da sankarar ƙwan mace.

Abin da aka gano a Ibadan

Kada a ɗauka wannan matsalar Turawa ce. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a jami'ar Ibadan kafin ta koma jami'ar Chicago, ta haɗa kai da likitocin Ibadan suka fara bincike kan sankarar nono a 1998. A 2018 suka fitar da sakamakon gwajin mata 1,136 masu cutar. Kashi 7 cikin ɗari suna da BRCA1 mai nakasa, kashi 4 suna da BRCA2, kuma in an haɗa da sauran ƙwayoyin gado masu irin wannan illa, adadin ya kusa kashi 15. Wato kusan mace ɗaya cikin bakwai gadon cutar ta yi. Wannan ya zarce abin da aka saba gani a tsakanin matan Turai. Ga shi kuma a ƙasarmu cutar ta fi bayyana da wuri, sau da yawa tsakanin shekara 40 da 50. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2020 ya nuna sama da mata 28,000 ne suka kamu da sankarar nono a Najeriya a shekarar, sama da 14,000 kuma suka rasu.

Tarihin hoton nono

Shi ma dubawar yana da nasa tarihin. A 1913 wani likitan tiyata a Berlin, Albert Salomon, ya fara ɗaukar hoton nonuwan da aka cire don ganin yadda sankara ke bayyana a hoto. A 1963 aka fara babban gwaji na farko a New York da mata kusan 62,000 'yan shekara 40 zuwa 64. Rabi aka riƙa gayyatar su duk shekara, likita ya duba da hannu a kuma ɗauki hoton da ake kira mamogram. Mace-mace daga cutar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakaninsu. Daga nan tsarin dubawa a kai a kai ya samo asali.

Amma an lura mamogram ba ya gani sosai a nonon mace mai ƙuruciya, saboda namansa a cushe yake, kuma masu gadon cutar tun da ƙuruciya take kama su. Shi ya sa a 2007 ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ba da shawarar a ƙara musu da hoton MRI duk shekara.

To, sau nawa ke nan?

Ba adadi ɗaya ba ne ga kowa, kuma wannan shi ne darasin da tarihin ya bari. Sankarar ƙwan mace iri-iri ce. Wadda ta fi yawa, mai tasowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwan ko daga bututun da ke kusa da shi, ita ce ke da alaƙa da BRCA, kuma kusan mace ɗaya cikin shida ko bakwai masu ita gadonta suka yi. Don haka ƙa'idar likitoci a yau ita ce duk mai wannan nau'in a yi mata gwajin ƙwayar gado, ko da ba a san wani mai cutar a danginta ba. Gwajin yana taimakawa har wajen zaɓar magani.

In gwaji ya nuna tana da nakasar, ƙa'idar da aka fi bi ita ce likita ya duba nononta da hannu duk wata shida zuwa shekara guda, a ɗauki mamogram sau ɗaya a shekara, MRI ma sau ɗaya. Wasu asibitoci kan raba su, a yi ɗaya yanzu, ɗayan bayan wata shida. In gwaji bai nuna komai ba, kuma babu tarihin cutar a dangi, sai ta bi tsarin sauran mata sa'o'inta, wato mamogram duk shekara ɗaya ko biyu daga shekara 40. In kuwa ba a samu yin gwajin ba, kamar yadda yake ga mafi yawan matanmu saboda tsada da nisa, to tarihin dangi ne zai zama ma'aunin likita.

Akwai kuma labari mai kwantar da hankali. Binciken da aka yi daga 2013 zuwa yau ya nuna cewa mai BRCA da ta riga ta yi sankarar ƙwan mace, haɗarin kamuwarta da ta nono cikin shekara goma bai cika wuce ɗaya cikin goma ba. Ana danganta hakan da cire ƙwan da aka yi da kuma irin kemon da aka ba ta. Saboda haka likitoci ba sa gaggawar cire nono, sun fi son a ci gaba da sa ido. In kuma ana tsakiyar magani, ko ciwon farko ya dawo, shi ake sa wa gaba.

Abin da ya rage namu a Maiduguri

Tun da Shugaba Shehu Shagari ya buɗe asibitin koyarwa na jami'ar Maiduguri a 1983, nan ne madogarar marasa lafiya daga Borno da Yobe, har da maƙwabtanmu na Chadi da Nijar da Kamaru. Mun kuma ga yadda ambaliyar Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta shiga asibitin ta taɓa na'urori masu tsada. Na'ura tana iya tsayawa, kuɗin hoto yana iya gagara. Abin da Broca ya yi aiki da shi kuwa yana hannun kowa.

Mutanen Borno ba baƙin adana salsala ba ne. Jerin sarakunan Saifawa da Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa a 1851 ya adana sunayen sarakuna na ɗaruruwan shekaru. Amma tambayi magidanci abin da ya yi ajalin kakarsa ko gwaggonsa, sai ka ji "ciwon ciki" ko "ta yi jinya". Kunya da kara sun sa ba a kiran sunan cutar, balle ta nono. Ga rikicin shekarun nan ya raba dangi, tsofaffin da suka san labari da yawa sun tafi da shi.

Wannan gado ba ta wajen uwa kaɗai yake zuwa ba. Uba ma yana miƙa shi, kuma kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da shi, rabi da rabi ne ko ya gada ko bai gada ba. Namijin da ya gada yana iya kamuwa da sankarar mafitsara ta maza, har ma da ta nono. Ba laifin kowa ba ne, kuma ba dalilin gori ko fasa aure ba ne.

Don haka duk gidan da aka taɓa yin ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu, a zauna da manya a rubuta: wace ce, ta wane ɓangare, tana da shekara nawa ciwon ya fara. A adana takardun asibiti, musamman sakamakon gwajin tsokar da aka cire. A kai wa likita, a tambaye shi kai tsaye sau nawa ya kamata a duba mai jinyar, da kuma shekarun da 'ya'yanta da ƙannenta mata za su fara. Wadda kuma ta ji ƙulli a nono, ko ta ga jini daga kansa, ko fatarsa ta canza, kada ta jira ranar da aka ba ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.