Zare: Yadda zafi ya zana akwatin kwamfutar gem, daga 1981 zuwa yau

1/ Jama'a, wata rana a watan Afrilu a Kano, wajen ƙarfe uku na rana, ina tsakiyar gem sai kwamfutata ta ɗauke ɗif. Na duba soket, akwai wuta. Na taɓa saman akwatin, sai da na janye hannu. Kwamfutar da na shafe sama da shekara ina tara kuɗinta ce fa. Abin da ya sa na shiga tonon tarihin akwatin nan ke nan. Ku biyo ni 🧵

2/ A taƙaice ga abin da na gano: ramukan jikin akwati, wurin da ake ɗaura fanka, inda ake ajiye akwatin wuta, kusan duk zafi ne ya tilasta su. Shekara arba'in da ɗoriya ana ja-in-ja tsakanin masu son kyau da masu son iska. Ni na bi ɓangaren kyau, na kuma ji a jikina. Bari mu faro daga tushe.

3/ A Agustan 1981 IBM ya fitar da kwamfutar da ta zama kakar duk PC ɗin da muke amfani da su. Firosesarta Intel 8088 ce, gudunta megahaz 4.77, wutar da take ci ko wat 2 ba ta cika ba. Tsirara take zaune a kan madabod, babu komai a kanta. Fanka ɗaya tak ce a kwamfutar gaba ɗaya, ita ma a cikin akwatin wuta take.

4/ Akwatin kuwa kwance yake a kan tebur, an ɗora masa allo a kai, launinsa fari mai duhu-duhu irin na tsohuwar takarda. Don ofis aka yi shi, ya saje da bango da kabad. Babu wanda ya taɓa tunanin za a so a leƙa cikinsa. Sauran kamfanoni suka kwaikwayi launin, aka yi kusan shekara ashirin duk kwamfuta kamarsu ɗaya.

5/ Sai gudu ya fara ƙaruwa, zafi na biye da shi. Zamanin 486 masu sauri, farkon shekarun 1990, aka fara liƙa wa firosesa ƙarfe mai haƙora kamar mataji, hitsink, don ya zuƙe zafi ya bai wa iska. Da Pentium ta fito a 1993 ƙarfen kaɗai ya soma gazawa, aka riƙa ɗora masa 'yar fanka. Tun daga nan firosesa ba ta sake zama tsirara ba.

6/ A 1995 Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda ya fayyace girman madabod, wurin kusoshi da inda kowane abu zai zauna. Har yau shi ne a yawancin akwatunanmu. Abin dariya, a tsarin farko fankar akwatin wuta ciki take hura iska, kan firosesa. Daga baya aka juya ta tana fitarwa, don iskar da ta ratsa akwatin wuta ta riga ta ɗumama.

7/ To ina 'yan gem suka shigo? Doom ya fito a Disambar 1993, Quake a 1996, duk daga kamfanin id Software. Intanet na lokacin a hankali take, saboda haka matasa sukan ɗauko kwamfutocinsu kacokan su haɗu a ɗaki ɗaya, su jona su da waya. DreamHack ya faro a wata makaranta a garin Malung na Suwidin a 1994, QuakeCon kuma a wani otal a jihar Tekzas ta Amurka a 1996.

8/ Yanzu ku ƙiyasta: zaure cike da akwatuna, duk launi ɗaya, duk fasali ɗaya. Matashi kuma kun san shi da son a ce wannan tasa ce. Sai suka fara fenti da liƙa sitika. Masu ƙarfin hali suka ɗauko ɗan injin yanka na Dremel, suka huda gefen ƙarfe, suka sa roba mai kama da gilashi, suka saka doguwar fitila shuɗiya a ciki. Tagar da kuke gani a yau a gareji aka haife ta.

9/ Yankan ba na ado kaɗai ba ne. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A, mai araha. 'Yan gem suka gano in ka ɗaga gudun madabod daga 66 zuwa 100, firosesar takan tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ta kamo Pentium II mai tsadar gaske. Tura firosesa ta wuce gudun da aka yanka mata shi ake kira obakulokin. Kuɗinsa kuma da zafi ake biya.

10/ Ga katin hoto shi ma ya shigo da nasa. Voodoo na 3dfx a 1996, sai GeForce 256 na Nvidia a 1999, wanda suka tallata da sunan GPU na farko. Murhu ya zama biyu a akwati ɗaya. Sai mutane suka riƙa huda rami a sama da gefe suna ɗaura ƙarin fankoki. Duk ramin fankar da ke saman akwatinka, wani ne ya fara yanka irinsa da hannu.

11/ Waɗanda fanka ba ta ishe su ba suka koma ruwa. Dabarar tsohuwa ce: manyan kwamfutocin IBM sun yi amfani da ruwa tun shekarun 1960, Cray-2 ta 1985 kuwa a cikin wani ruwa na musamman da ba ya ɗaukar lantarki aka tsoma kayanta. Amma 'yan gida da me suka yi? Famfon tankin kifi, tiyo, da ƙaramin lagireton hitar mota daga wajen 'yan gwangwan. Wallahi kamar aikin makanikan unguwa.

12/ Kamfanoni suna kallo. Alienware ya buɗe a Miami a 1996, ya yi suna da akwatuna masu kan dodon sama jannati, har Dell ya saye shi a 2006. Apple ya fitar da iMac mai shuɗin jiki da ake hango cikinsa a 1998. Kafin a kai tsakiyar shekarun 2000, taga da fitila sun zama kayan shago, baƙi ya kori wancan farin ofis.

13/ Akwai wani bidiyo na 2001 da mujallar Tom's Hardware ta yi wanda ya girgiza mutane. Ana cikin gem suka riƙa cire hitsink daga kan firosesa. Pentium 4 ta rage gudu ta tsira. Athlon ta AMD ta lokacin, da ba ta da irin wannan kariyar, cikin 'yan daƙiƙu ta yi hayaƙi ta ƙone. Yau duka kamfanonin biyu suna da kariyar. Ita ce ta kashe tawa a ranar nan kafin ta ƙone. Ashe ceto na ta yi.

14/ 2003 da 2004 su ne shekarun da zafi ya nuna wa kowa iyakarsa. Katin GeForce FX 5800 Ultra ya zo da fanka mai ƙarar da mutane suka kwatanta da injin share ƙura. Pentium 4 Prescott ta kai wat 115, har aka yi mata laƙabin PresHot. Intel ya yi niyyar kaiwa gigahaz 4, ya fasa, ya tsaya a 3.8. Babban kamfani ke nan zafi ya sa ya canja hanya.

15/ Intel ya ma gwada sake fasalin akwatin dungurungum da tsarin BTX a 2004: firosesa a gaba, iska ta bi layi ɗaya miƙaƙƙe daga gaba zuwa baya. Bai karɓu ba. Da Core 2 Duo ta fito a 2006 tana cin wat 65 tana kuma fin Prescott aiki, sai aka yi watsi da BTX. Amma darasin ya zauna: iska ta shigo ta gaba, ta fita ta baya da sama.

16/ A wannan zamanin ne bututun jan ƙarfen nan da kuke gani a jikin kula suka zama ruwan dare. George Grover ne ya ƙera irinsu a ɗakin binciken Los Alamos a 1963, aka yi amfani da su a kumbon sama jannati. Ɗan ruwa ne a ciki: ya tafasa a kan firosesa, tururin ya hau sama ya huce, ya dawo. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar gumi? 'Yan uwan juna ne.

17/ Akwati ma ya bi sahu. Antec P180 na 2005 ya sauko da akwatin wuta ƙasa, ya ware masa ɗakinsa. Antec Nine Hundred na 2006 ya zo da gaba na raga da ƙatuwar fanka mai milimita 200 a sama. Hikimar ita ce babbar fanka tana tura iska mai yawa tana juyawa a hankali, babu ihu. A 2009 Corsair H50 ya sa sanyaya da ruwa ya zama abin saye a kwali, a rufe, ba sai ka haɗa tiyo ba.

18/ Sai kyau ya dawo da ƙarfinsa. Wajen 2016 gilashi mai tauri da fitilun RGB suka mamaye kasuwa, kowa na son hoton da zai ɗora a Instagram. Akwatuna da yawa aka toshe gabansu da gilashi ko roba, fankoki uku suna ta walƙiya a baya, iskar da za su ja kuwa sai ta wata 'yar tsaga a gefe. Mutum ne aka ɗaure masa hanci aka ce ya yi gudu.

19/ Masu gwaji irin su Steve Burke na Gamers Nexus suka riƙa auna zafi da gaban akwati a rufe da kuma a cire, suna nuna bambancin a fili. Kasuwa ta ji. Fractal Design ya fitar da Meshify C mai gaban raga a 2017. A 2018 Lian Li, tare da Bajamushen nan der8auer, ya fitar da O11 Dynamic: gilashi gaba da gefe, iska kuma ta ƙasa da ɗaya gefen. Sulhu ke nan tsakanin ido da huhu.

20/ Wuta kuwa sai ƙaruwa take. RTX 4090 na 2022 wat 450 ne, RTX 5090 na 2025 wat 575. Firosesa irin Core i9-13900K takan kai wat 253. Ku haɗa ku gani, an wuce wat 800, an doshi ƙaramin dutsen guga na lantarki. Daga firosesar da ba ta cika wat 2 ba fa muka taso. Duk wutar nan zafi take komawa, kuma dole ya fita daga akwatin.

21/ Nan tarihin ya iso ɗakina. Akwatina irin mai toshen gaban nan ne, a bidiyo na gan shi na ƙyasa. Abin da ban lura ba: masu gwajin nan a ɗaki mai sanyi suke aunawa, digiri 20 da 'yan kai. Fanka da lagireto, ko da na ruwa ne, ba sa iya sauko da komai ƙasa da zafin iskar ɗakin. Kwashe zafi kawai suke su miƙa wa iska.

22/ Lissafin mai sauƙi ne. Katin da ya nuna digiri 70 a ɗaki mai 22, in ka kai shi ɗaki mai 38 zai doshi 86, sai dai in fankarsa ta ƙara ihu. A bazarar Kano, Sakkwato ko Yamai, 38 a cikin ɗaki ba labari ba ne. Ga hunturu kuma da ƙurarsa mai laushi da ke toshe haƙoran hitsink kamar an shimfiɗa bargo.

23/ Abin da na yi bayan na gama jin haushi: na sayar da akwatin da asara, na sayi mai gaban raga wanda bai kai shi kyau ba. Fankoki uku a gaba suna shigo da iska ta cikin matacin ƙura, ɗaya a baya tana fitarwa. In mai shigowa ta fi mai fita yawa, iska takan riƙa tsiyaya waje ta kowace tsaga, ƙura ba ta samun hanyar satar shiga.

24/ Na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a tebur, na matsar da ita daga jikin bango. Na sake man da ke tsakanin firosesa da kula. Da hunturu duk mako nake wanke matacin in bar shi ya bushe sarai. In zan hura da bulowa nakan riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Na kuma rage wa katin hoto iyakar wutar da zai ci a manhajarsa. A gem ban ga wani bambancin kirki ba.

25/ Ta ci bazara biyu tun daga nan ba ta sake ɗaukewa ba, alhamdulillahi. Fitilun ma suna nan, ban cire ba, ni ma ina son kyau ai. Amma ƙanina, in kana tara kuɗin haɗa taka, ranar da ka je shago ka kunna tocilan wayarka ka haska gaban akwatin daga ciki. In haske bai fito ta gaba ba, iska ma ba za ta shiga ta nan ba. Ka ajiye shi, ka duba na gefensa.