Ƙofar Kai Kuka: Hukumar Sauraren Koke-Koken Jama'a da Talakan Kudancin Jigawa

Kai kuka ga hukuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suka daɗe a cikinta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shehu Magili ya rubuta masa littafi kan sha'anin mulki, ya yi ta maimaita gargaɗi game da illar sarki ya ɓuya wa talakawansa. Sai dai hanyar da aka gada doguwa ce: daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi, sa'an nan fada. A zamanin En'e kuwa, musamman kan haraji da jangali, sau da yawa wanda ake kuka da shi shi ne mutum na farko da za a bi ta hannunsa.

Bisa shawarar Kwamitin Udoji, wanda ya binciki aikin gwamnati daga 1972 zuwa 1974, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Hukumar Sauraren Koke-Koken Jama'a da dokar soja mai lamba 31 ta 1975. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi aka ɗora a kanta a 1976. Asalin irin wannan ofishi daga ƙasar Suwidin ne, inda aka fara shi a 1809.

A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai. An ba kowace jiha kwamishina, mai kuka ba ya biyan ko kwabo, an kuma ba hukumar ikon bincikar ma'aikatu da ƙananan hukumomi da kamfanoni. Amma dokar ta gindaya sharuɗɗa. Ba a karɓar kukan da ya wuce wata 12 da aukuwar abin, ko wanda ke gaban kotu, ko wanda mai shi bai gama bin sauran hanyoyin neman hakki ba. Bayan bincike ma, shawara hukumar ke bayarwa, ba hukunci ba.

Lalle waɗannan sharuɗɗa da ɗan birni mai ilmin boko aka auna su. A ɗauki misalin manomi a Unguwar Ya wanda aikin hanya ya ci gonarsa, ba a biya shi diyya ba. Kafin 1991 kwamishinan jiharsa yana Kano, tafiyar fiye da kilomita 100. Wata 12 kuwa a wurin manomi damina ɗaya ce da rani ɗaya. Zai fara da dagaci, kamar yadda ladabi da ita kanta dokar suka nema, a ce masa ya dawo bayan kaka, ya dawo a ce ana jiran takarda daga sama. Kafin ya sami mai rubuta masa ƙara da kuɗin mota, wa'adi ya cika. Watau sharaɗi na uku shi ke cinye na farko.

Tanzaniya, wadda ta fara irin wannan aiki a 1966, ta bi wata dabara: kwamishinoninta kan zaga ƙauyuka su tara jama'a, su ji daga bakinsu. Dokar Nijeriya ma ta yarda kwamishina ya fara bincike don kansa, ba sai an kawo ƙara ba, kuma wannan iko shi ne ya fi dacewa da karkara.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, tafiya ta ragu zuwa Dutse. A 2008 Gwamna Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ya kira Taron Talakawa a Dutse, masu ƙananan sana'o'i suka faɗi damuwarsu a gaban manya. Amma wannan taron gwamna ne, ba na hukumar bincike ba.

Ita dokar hukumar, Tsarin Mulkin 1999 ya kare ta a sashe na 315(5), tare da Dokar Amfani da Ƙasa. Kariyar ta hana a rushe ta da sauƙi, ta kuma sa gyaran ko da sharaɗi ɗaya sai da yardar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Haka wa'adin wata 12 ya shiga kundin dokokin tarayya na 2004 yadda yake.