Turmin Ƙarshe: Haƙorin da Ya Zama Ma'aunin Maganin Zafi

A shekarar 1837 Allah ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello rasuwa a Wurno, maƙwabciyar Marnona. Cikin rubuce-rubucen da ya bari akwai na likitanci, har da na ciwon ido da na basir. A zamaninsa, daga Wurno har Landan, babu mai iya cire wa mutum haƙori bai ji zafi ba. Mai ciwon haƙori sai ya danna kanumfari a dasashi, ya kuskure baki da ruwan gishiri, in abin ya gagara ya daure a fizge. Kanumfarin ba camfi ba ne, domin mansa na dusashe jijiya, kuma likitocin haƙori na amfani da shi har yau.

Shekara bakwai bayan rasuwar Bello, wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙi wata iska mai gusar da ji, ya sa aka cire masa haƙori. A ranar 16 ga Oktoba, 1846, tsohon abokin aikinsa William Morton ya sa majinyaci barci a asibitin birnin Boston, aka yi masa tiyata a gaban jama'a. Daga baya aka samu allurar da ke kashe gefen baki kaɗai: Novocain a 1905, sai lidokain da aka haɗa a Suwidin a 1943, wadda ita ce aka fi yi wa mai cire haƙori a yau. Da haka aka gama da zafin kan kujera. Saura na gida, wanda ke tasowa bayan awa biyu ko uku, lokacin da allura ta sake.

A nan ne turmin ƙarshe ya shigo tarihi. Shi ne haƙorin da ke fitowa can ƙuryar muƙamuƙi tsakanin shekara 17 da 25, wanda Larabawa da Turawa ke kira haƙorin hankali. Sau da yawa yakan rasa wuri ya kwanta a karkace, sai an tsaga dasashi, wani lokaci an sassaƙe ƙashi, kafin ya fito. A 1976 wasu masu bincike biyu a Amurka, Stephen Cooper da William Beaver, suka nuna cewa wannan wahalar na da amfani: masu ita matasa ne lafiyayyu, aikin iri ɗaya ne, zugin kuma na zuwa a kan lokaci. Sai aka mayar da ita ma'aunin gwada magungunan zafi.

Abin da ma'aunin ya nuna ya ba da mamaki. An daɗe ana ɗauka cewa dangin ofiyom, irin su kodin, su ne sarakunan kashe zafi. Amma gwaji bayan gwaji, ibufurofen, wanda Stewart Adams da abokan aikinsa suka samar a kamfanin Boots na Ingila, aka fara sayar da shi a 1969, ya sha gabansu, musamman in an haɗa shi da farasitamol. Dalilin a fili yake. Zafin ramin haƙori daga kumburi yake tasowa. Ibufurofen na tare shi a tushe, ofiyom kuwa ƙwaƙwalwa yake lulluɓewa, ya bar kumburin yana nan. A 2024 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta sanya wannan haɗin a sahun farko. Ba su zo nan da wuri ba, sai da suka ga matasan da suka fara ɗanɗana ofiyom daga takardar likitan haƙori.

Mutumin Marnona da aka cire wa haƙori a Sakkwato, ya hau mota ya koma gida, zafinsa a hannun mai kemis yake kwana. Ƙwayar da ta yi suna a kasuwar Arewa ita ce tramadol, wadda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar a 1977. NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100, amma ana fasa-ƙwaurin mai 225. Binciken da aka yi da hukumar UNODC a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba. A watan Mayun shekarar gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC.

Abin takaici, ƙwayoyin da suka ci gwajin suna kan kantar kemis ɗin nan, a farashi mai sauƙi, ana raina su don an saba da su. Su ma da sharaɗinsu: ibufurofen ba na mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba ne sai da izinin likita, farasitamol in ya wuce kima yana lalata hanta, asfirin kuma na tsinka jini. Zafin da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi a kwana na uku, da wari, alama ce gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Wannan sai an koma wurin wanda ya cire haƙorin, ya wanke ramin, ya sa masa magani, sau da yawa mai man kanumfari.