Kalmar Ingilishi "waive": ma'anarta da yadda ake amfani da ita

Waive kalma ce ta Ingilishi, kuma aikatau ce, wato kalmar da ke nuna aiki. Ma'anarta ita ce mutum ya bar wani haƙƙi nasa da gangan, ya ce ba zai neme shi ba, alhali ya san yana da shi, kuma yana da ikon nemansa. Ba a cika jin ta a hira ba. Gidanta takarda ne: takardar ɗaukar aiki, takardar asibiti, takardar banki, yarjejeniyar haya, da sharuɗɗan da ke fitowa a wayar salula kafin a ce mutum ya danna alamar yarda.

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwanmu da Ingilishi, mu da takardunmu suka fi zuwa da Faransanci? Amsa ita ce ƙafafunmu ba su tsaya a gida ba. Ɗan kasuwar Maraɗi yana bin hanyar Jibiya zuwa Katsina da Kano. Mutumin Damagaram yana cin kasuwar Maigatari, na Ƙonni yana tsallakawa Illela. Wasu suna kai marasa lafiya asibitocin Nijeriya, wasu suna ci-rani a Gana. Ban da haka, tun shekarar 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Yadda ake furta ta da rubuta ta

Ana furta ta kusa da "weib", sai dai sautin ƙarshe shi ne wanda ke farkon kalmar Faransanci vélo: haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Akwai wata kalma, wave, wadda ke nufin ɗaga wa mutum hannu ko igiyar ruwa. Furucinsu ɗaya ne, ma'anarsu ba ta haɗu ba. Harafin "i" na tsakiya ne ke raba su a rubuce, kuma ko masu harshen kansu sukan rikita su.

Idan aikin ya wuce, ana rubuta waived. Idan yana cikin gudana, waiving. Sunan abin kuwa, ko takardar da aka rubuta shi a ciki, shi ne waiver. Wannan ta ƙarshe ita ce za ku fi gani da manyan baƙaƙe a saman takarda.

Asalin kalmar daga tsohon Faransancin Normandawa ne, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. A wancan zamani tana nufin a yi watsi da abu. A tsohuwar shari'ar Ingila har mace akan yi wa wannan kalma, idan an fitar da ita daga kariyar doka. Faransancin yau ba ya amfani da ita. A takardun Faransanci abin da za ku gani shi ne renoncer à, da kuma renonciation.

Hanyoyi biyu na amfani da ita

Hanya ta farko ita ce mai haƙƙi ya bar haƙƙinsa. Ga misali: I waive my right to compensation. Ma'ana: na bar haƙƙina na neman diyya. Wanda ya sa hannu ƙarƙashin wannan layi ya rufe wa kansa ƙofa. In ya koma neman diyyar daga baya, takardar za a fito masa da ita.

Hanya ta biyu ita ce mai iko ya ɗauke wa wani abin da ya wajaba a kansa, kamar kuɗi ko sharaɗi. The school waived the fees na nufin makaranta ta ɗauke kuɗin karatu. Haka za a faɗa da Ingilishi game da matakin da gwamnatin Nijar ta ɗauka a shekarar 2006, na ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Haka kuma jaridun Nijeriya suka yi ta rubuta waiver a watan Yuli na 2024, lokacin da gwamnatin can ta sanar da ɗauke kuɗin duwan na kwana 150 a kan shigo da masara, alkama, wake da wani nau'in shinkafa.

Saboda haka, duk inda kuka ci karo da kalmar, tambaya ta farko ita ce: wa ke bari, kuma wa aka bar wa? Idan hukuma ce ko kamfani ke yin aikin, galibi sauƙi ne ya zo muku. Idan kuwa kalmar I ko we ce a gabanta, kuma ku ne masu sa hannu, to daga aljihunku abin zai fita.

Da wace kalmar Hausa za a fassara ta?

Babu kalma guda da ta ɗauke ta duka. A wani wuri "yafe" ce ta dace, kamar wanda ya yafe bashi. A wani wuri "ɗauke wa", kamar a maganar haraji. Malaman fiƙihu sukan ce "sarayar da haƙƙi", kuma a ganina wannan ce ta fi kusa da ma'anar shari'a, domin tana nuna cewa haƙƙin ya faɗi, ba ya dawowa.

Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce "haƙura". Bahaushe yakan ce na haƙura alhali zuciyarsa ba ta bari ba: ƙarfi aka fi shi, ko kunya ta hana shi magana, ko yana jiran wata rana. Mai fassara da ya ce wa mutum "takardar nan cewa take ka haƙura" bai gaya masa gaskiya duka ba. Mutumin zai zaci lallashi ne irin na dattawa, wanda ake iya sake tayar da maganarsa bayan damina. Takarda kuwa ba ta san wannan ba.

Kada kuma a haɗa ta da forfeit. Wannan tana nufin mutum ya rasa abu a matsayin horo, don ya saɓa sharaɗi, kamar wanda ya ba da kafin alƙalami sa'an nan ya fasa ciniki. Mai forfeit ƙwacewa aka yi. Mai waive shi ya miƙa.

Sharuɗɗan ingancinta

A ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila, irin su Nijeriya, Gana da Amurka, alƙalai sukan duba abu uku: akwai haƙƙin, mai shi ya san da shi, kuma ya bar shi da son ransa. Shahararren misali shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na shekarar 1966 a shari'ar Miranda. Kotun ta ce kafin ƴan sanda su yi wa wanda suka tsare tambayoyi, sai sun sanar da shi cewa yana da haƙƙin yin shiru da haƙƙin samun lauya. Yana iya barin waɗannan haƙƙoƙi, amma sai in ya yi haka da sani, da hankali, ba da tilas ba.

Wanda ba mai haƙƙi ba ba ya iya barin sa. Rigar kariyar jakada, alal misali, ba ta jakadan ba ce, ta ƙasarsa ce. Aya ta 32 ta yarjejeniyar Biyena ta 1961 ta ce ƙasar da ta aiko shi ce ke da ikon tuɓe masa ita, kuma sai ta faɗa a fili.

Wani lokaci ba a bukatar takarda, hali kaɗai ya isa. Mai gidan haya da ya yi shekara yana karɓar kuɗi a makare bai ce uffan ba, kotu tana iya ɗauka cewa ya bar haƙƙinsa na korafi a kan jinkirin da ya wuce. Shi ya sa kamfanoni ke sa wani layi mai suna no waiver a yarjejeniyarsu, wanda ke cewa shirunsu na yau ba ya nufin sun bari.

Akwai kuma haƙƙoƙin da doka ba ta yarda a bar su ba, ko da mai su ya so. Mafi ƙarancin albashi yana cikinsu. A Nijar an ɗaga shi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a wata a farkon shekarar 2024. Ma'aikacin da ya sa hannu cewa ya yarda da ƙasa da abin da doka ta yanke, sa hannun nasa bai wanke mai aikin ba. Dalili a bayyane yake: mai jin yunwa zai yarda da kowane sharaɗi.

Maganar gadon gona

A nan ne ma'anar kalmar ta fi shafar mutanenmu, ko da ba a furta ta da Ingilishi. A kudancin jihar Maraɗi jama'a ta yi yawa, gonaki sun ƙanƙance. Idan uba ya rasu, shari'ar Musulunci ta ba ɗiya mace rabin kason ɗa namiji, kuma gona tana cikin abin da ake gada. Amma sau da yawa akan ce da ita: "Ke da ke gidan miji, ki bar wa ƴan'uwanki maza." Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na bar musu, Baffa."

Idan ta san girman kasonta, ta kuma ba da shi da daɗin rai, kyauta ce, kuma babu mai hana ta. Amma a auna maganar da sharuɗɗan nan uku. An nuna mata iyakar kason nata a gona kafin ta yi magana? An gaya mata cewa tana iya riƙe shi ta ba da aro ko haya? An tambaye ta ita kaɗai, ko kuwa a gaban taron maza, a kwanakin zaman makoki? Ranar da aure ya mutu, ko miji ya rasu, wannan ƴar gona ita ce tuwon ƴaƴanta.

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Cofo. Suna ba da takardar shaida daban-daban ga kyauta, sayarwa, aro, haya da jingina. Wadda ke son taimaka wa ƴan'uwanta ba tare da ta rasa gonar ba, takardar aro za ta nema, ba ta kyauta ba.

Kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa

Ku bi takardar layi-layi kuna neman baƙaƙen nan biyar: w, a, i, v, e. Ba sai kun iya Ingilishi ba kafin ku gane su. In kun gan su, ku nemi wanda zai karanta muku layin gaba ɗaya, kuma kada ya zama mutumin da ya kawo takardar. Ku tambaye shi wane haƙƙi ne aka ambata bayan kalmar, kuma me za a ba ku a madadinsa. Ku nemi kwafi ku tafi da shi gida.

Akwai jimla ɗaya da ta cancanci a haddace: without waiving my rights, wato ba tare da na bar haƙƙina ba. A ce kuna bin wani kamfani a Kano kuɗin da ya kai jika 200, ya ba ku jika 50, ya miƙo rasit. Ku rubuta wannan jimla kusa da sa hannunku, ku ƙara da adadin da ya rage, jika 150, da kwanan wata.