Zaɓin Sinadari a Dashen Ƙwayoyin Gashi na Sankarar Furostet

Dashen ƙwayoyin gashi hanya ce ta maganin sankarar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Likita kan shuka ƙananan ƙwayoyi masu fitar da radiyeshon cikin ƙullin da allura, kowace kamar tsabar shinkafa, a bar su nan dindindin. Hans Holm na ƙasar Denmak ne ya bayyana yin dashen da jagorancin na'urar duban ciki a 1983.

Sinadarai uku ake zaɓa a tsakaninsu, kuma babban bambancinsu shi ne saurin raguwar ƙarfi. Ayodin-125 ya fi yaɗuwa. Ƙarfinsa kan ragu da rabi a kwana 59, don haka yakan ɗauki watanni yana aiki. Faladiyam-103 kan yi haka a kwana 17, siziyam-131 kuwa a ƙasa da kwana 10. Adadin gashin da aka saba rubutawa shi ne gire (ma'aunin radiyeshon) 145 ga ayodin, 125 ga faladiyam, 115 ga siziyam.

An daɗe ana ganin sinadari mai saurin ƙarewa zai fi dacewa da ƙari mai saurin girma. Hujjar tana da ma'ana, amma wani gwaji da aka yi tsakanin ayodin da faladiyam bai nuna bambanci mai yawa wajen warkewa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne iya jera ƙwayoyin daidai. Matsalar fitsari bayan dashe takan fi saurin lafawa da sinadarai masu gajeren zango.

A wata hanyar daban, akan saka iridiyam-192 na 'yan mintoci a cire.