Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Yaƙin Duwatsun Catanuga, 1863

Jama'a, in ana hirar yaƙi, galibi zancen igwa ake yi da jarumtar wane da wane. Ba a cika tuna mai korar alfadari da mai dakon buhu ba. Mu kuwa da abincinmu ke kan lodi da sauke, mun san in hanya ta toshe kwana uku kacal, kasuwa sai ta ji a jikinta. Shi ya sa a wannan fitowa za mu leƙa yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin Arewa da jihohin Kudu da suka ɓalle a kan batun bayi, mu ga yadda abinci ya raba gardama a wani gari wai shi Catanuga, a jihar Tenesi.

Catanuga mahaɗar layin dogo ce, a bakin kogin Tenesi, duwatsu sun kewaye ta. A ranakun 19 da 20 ga Satumba 1863, Janar Burag na Kudu ya ci rundunar Janar Rozkiran na Arewa da yaƙi a Cikamoga. Waɗanda suka tsira suka ja da baya suka shige Catanuga. Burag bai auka musu ba. Sai ya hau Dutsen Lukawut da Tudun Mishanari, ya tare kogi da layin dogo, ya zauna jiran yunwa ta yi masa aiki.

Lissafinsa bai ɓaci ba da farko. Rumbun sojan Arewa yana Birijfot, tafiyar da ba ta kai mil 30 ba ta bakin kogi. Da aka tare nan, sai dai zagaye na mil 60 ta kan dutse, da kekunan alfadari. Ruwan sama ya sauko, hanya ta zama taɓo, tafiya kan ci kwana takwas ko fiye. Ga wani abin kuma: alfadari ma ciki gare shi, don haka wani kaso na lodin harawarsa ce da hatsinsa. Ranar 2 ga Oktoba mahayan Janar Wila suka faɗa wa ayarin, suka ƙone ɗaruruwan kekuna. Dawaki da alfadarai wajen 10,000 suka mutu. Aka rage abincin soja zuwa rabi, har ta kai ana sa gadi a wurin cin dabbobi don kada soja ya saci masara.

To, a nan ne shugabanci ya nuna kansa. Gwamnatin Shugaba Linkan ta kwaso soja wajen 20,000 daga Bajiniya a jirgin ƙasa, ƙarƙashin Janar Huka. Ta ɗora Janar Garant a kan rundunonin yankin, shi kuma ya sauke Rozkiran ya naɗa Janar Tomas. Garant ya iso ranar 23 ga Oktoba ta wannan muguwar hanya, yana fama da ciwon ƙafa. Ya tarar injiniyan rundunar, Janar Simit, ya riga ya tsara dabarar buɗe hanya tun zamanin Rozkiran. Abin da ya rage shi ne mai cewa a tashi a yi.

Kafin asubar 27 ga Oktoba, soja wajen 1,500 suka shiga kwale-kwale, suka bar ruwa ya tafi da su shiru ta gindin Lukawut, suka kama mashigin Burawun, inda Burag ya bar masu gadi ƙalilan. Aka kafa gada, Huka ya taho daga Birijfot suka haɗe. 'Yan Kudu suka kai farmakin dare don su sake toshewa, abin bai yiwu ba. Ranar 30 ga wata jirgin ruwa ya kawo abinci. Sojoji suka sa wa hanyar suna Hanyar Biskit, saboda busasshen biskit ɗin nan mai tauri da ake raba musu.

A ɗaya ɓangaren fa? Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Manyan hafsoshin Burag sun rubuta takarda suna neman a cire shi. Shugaban Kudu, Jafasan Debis, ya zo da kansa, ya saurare su, ya bar Burag a kan muƙaminsa. Burag ya shiga kawar da waɗanda ba sa ga maciji da shi. A farkon Nuwamba ya tura Janar Lonsitirit da soja wajen 15,000 can Nosbil, daidai lokacin da Janar Shaman ke tafe da ƙarin runduna ga Garant. Nasa sojan ma yunwa suke ji, don layin dogo guda ne daga Atalanta ke ciyar da su.

Ranar 24 ga Nuwamba Huka ya ci Lukawut cikin hazo. Washegari aka umarci mutanen Tomas su kama ramukan da ke gindin Tudun Mishanari. Da suka kama, wuta na zubo musu daga sama, sai kawai suka ci gaba da hawa. Burag ya raba sojansa, wasu a gindi wasu a bisa, kuma an kafa igwogi can ƙololuwa inda da wuya su sunkuya su sami mai hawa. Layinsa ya watse. Mutanen nan da suka hau, su ne fa masu satar masara a watan Oktoba.

Burag ya ajiye aiki bayan 'yan kwanaki. A Maris 1864 Garant ya zama shugaban dukkan sojan Arewa, kuma daga Catanuga Shaman ya tashi ya ci Atalanta a Satumba.

Mu duba da kyau. Burag na da tudu, ga nasara a hannu, amma ya tsaya rigimar cikin gida, ya yi sakaci da mashigi guda. Garant kuwa bai yi maganar farmaki ba sai da ya tabbatar buhu na shigowa. Duk mai riƙe da jama'a, ko runduna ko ayari, tambayar farko ita ce: ta ina abinci zai biyo, wa kuma ke tsaron hanyar?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.