Mercedes-Benz W126: Yadda ake dawo da ƙarfin tsohuwar motar manya, da abin da hakan ke ci

A watan Satumban 1979 kamfanin Mercedes-Benz ya baje kolin sabuwar motarsa ta ajin S a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 1 ga Oktoba, Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulkin Najeriya. Wannan haɗuwa ta sa har yau mutane da dama ke danganta motar, wadda lambarta a masana'anta ita ce W126, da Jamhuriya ta Biyu da manyan 'yan siyasarta. An ci gaba da ƙera ta har 1991, kuma masu ƙofa huɗu kaɗai sun haura 800,000.

Yanzu da yawa daga cikinsu sun koma hannun 'ya'ya da jikoki, wasu an gaje su, wasu an saye su da araha. Tambayar da sabbin masu ita ke yawan yi wa kanikawa ita ce yadda za a ƙara mata ƙarfi. Amsar na da matakai, kuma wanda ya tsallake na farko yakan yi asarar kuɗi, wani lokaci har da injin.

Wane inji ne a ciki?

Kafin gyaran fuskar da aka yi wa motar a 1985, akwai inji mai silinda 6 na lita 2.8, sai masu silinda 8 na lita 3.8 da 5.0. Bayan 1985 aka kawo masu silinda 6 na lita 2.6 da 3.0, da masu silinda 8 na lita 4.2, 5.0 da 5.6.

Ko a samfuri ɗaya ƙarfin ya bambanta da kasuwar da aka yi wa motar. Mafi ƙarfin 560 SEL da aka sayar a Turai tana da ƙarfin doki 300, tana kai gudun kilomita 250 a awa. Wadda aka kai Amurka kuwa 238 ne, saboda dokokin hayaƙi na can. Don haka abu na farko shi ne a duba lambar inji da ta shasi, a san abin da motar ta zo da shi daga asali.

Dawo da abin da ya ɓace

Motar da ta shekara fiye da 30 ba kasafai take ba da ƙarfin da aka rubuta mata ba. Ƙarin da ya fi kowanne araha shi ne dawo da wanda tsufa ya cinye.

Ana farawa da auna matsin kowace silinda. Idan wata ta yi ƙasa sosai da sauran, matsalar tana ga bawul ko zoben fistin, kuma babu wani kayan ƙari da zai rufe wannan rami.

Sai sarkar taimin. A injinan silinda 8, M116 da M117, sarkar na bin wasu madogaran roba da ke bushewa su karye idan sun tsufa. Ɓallin da ya faɗa ƙarƙashin sarka yana iya sa ta tsallake haƙori, fistin ya doki bawul, injin ya tashi aiki nan take. Sauya sarkar da madogaranta kafin su karye ya fi sayen wani inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne tsarin ba da mai. In ban da 280 S da makamanciyarta masu kafireta, masu shan fetur suna amfani da tsarin Bosch K-Jetronic, bayan 1985 kuma KE-Jetronic. Iskar da injin ke shaƙa tana tura wani faifai, faifan yana motsa marabar mai, ita kuma tana aika fetur zuwa kowace nozul. Tsarin ya dogara ne da daidaiton matsin mai da rashin yoyon iska. Tsagewar tiyo guda ta isa ta sa motar ta riƙa shessheƙa. Gyaransa na buƙatar ma'aunin matsi da haƙuri, shi ya sa wasu kanikawa ke cire shi su ɗora kafireta. Motar za ta tashi, amma rabon mai tsakanin silindoji zai lalace, ƙarfi ya ragu, darajarta a kasuwa ta faɗi.

Haka nan al'adar cire tamostat da sunan maganin zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, tsarin mai yakan ɗauka bai gama ɗumi ba, sai ya ci gaba da zuba fetur fiye da kima. Maganin zafin Afrilu shi ne lagireto mai tsabta, fanka mai aiki da famfon ruwa mai lafiya. Filogi, wayoyinsa, da matatun mai da na iska su ne cikon wannan mataki.

Ƙarin da ke da amfani

Idan injin ya dawo hayyacinsa, akwai hanyoyin da aka daɗe da gwadawa. Ta farko ita ce salansa. Samfurin Turai mai ƙarfin doki 300 yana da bututun hayaƙi masu faɗi da tsarin da ke barin injin ya yi numfashi sosai, tare da matsi mai ƙarfi a cikin silinda. Ɗora irin wannan salansa a kan motar da ta zo daga Amurka yana dawo da wani kaso na bambancin. Huda salansa don ta yi ruri kuwa ƙara kawai yake kawowa.

Ta biyu ita ce aksul na baya. Sauya haƙoransa zuwa masu sa injin ya ƙara juyawa a kowane zagayen taya yana sa motar ta zabura da wuri. Farashinsa shi ne ƙarin shan mai a doguwar tafiya.

Ta uku ita ce giya. Akwatin giya mai hawa 4 na yawancin masu silinda 8 yakan tashi ne a giya ta biyu don laushin tafiya, sai an taka totur sosai yake faɗawa ta ɗaya. Sabon mai da matata, da daidaita wayar totur da na'urar matsin giyar, suna sauya halin motar ba tare da an taɓa injin ba.

Matakin ƙoli shi ne abin da kamfanin AMG ya yi a shekarun 1980: faɗaɗa M117 zuwa lita 6.0 da ɗora masa kawuna masu bawul 4 a kowace silinda, ƙarfin ya kai doki 385. Waɗannan kayan sun yi ƙaranci kuma sun yi tsada ƙwarai. Wasu sukan dasa injin M119 na motar da ta gaje ta, W140, amma wannan aiki ne na wayoyi da kwamfutar inji, ya fi ƙarfin gwaji a bakin titi. Kuma duk wanda ya sauya inji sai ya gyara takardun motarsa, domin lambar inji tana cikinsu.

Birki, taya da ƙafafu

Nauyin 560 SEL ya kai kusan tan 1.8. Ƙara wa irin wannan jiki gudu a kan tsohon birki ganganci ne da ran mai motar da na sauran masu bin hanya. Man birki, tiyo-tiyonsa, shokazoba da robobin ƙafafu su ne suka kamata su riga salansa samun kuɗi. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ya dace a karanta su kafin a biya. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanyar ekspres, bisa ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, kilomita 100 ne a awa.

Lissafin aljihu

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024. Faɗuwar naira kuma ta ɗaga kuɗin kayan gyara, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas.

Ingancin man shi ma abin dubawa ne. Injin Turai mai matsi mai ƙarfi an yi shi ne don fetur mai lambar oktan 98, wanda ba shi gidajen mai suka saba sayarwa ba. Matsa lokacin wuta gaba a kan irin wannan mai yana jawo ƙwanƙwasar da ke cin fistin. Gurɓataccen fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi a farkon 2022 ya nuna irin ɓarnar da mai marar kyau ke yi, kuma marabar mai mai shekaru 40 ba ta da juriyar irinsa.

Tsarin da ya fi tsare kuɗi da rai shi ne a auna injin tukuna, a sauya sarkar taimin, a gyara tsarin mai da na sanyaya inji, a sabunta birki da taya, sannan a waiwayi salansa da aksul. A adana duk wani kayan asali da aka cire, domin masu neman irin waɗannan motoci sun fi biyan kuɗi a kan wadda ba a sauya mata kama ba.